Ranar da na je neman silima a Asakusa

DUK wanda ya tashi a Fagge a zamanin mu ya san akwai wani ƙamshi da ba ya fita daga hanci, wato ƙamshin ƙofar silima da almuru: ga hayaƙin mai tsire, ga gyaɗa mai gishiri, ga aci-balbal ɗin mai rake. Ni dai ba ɗan fim ba ne, ɗan kallo ne, kuma da hakan na ke tinƙaho. Na sha bulala a kan Plaza fiye da yadda na sha a kan makarantar allo. Da bidiyo ya zo kuma sai na koma sayen kaset, duk wanda ya fito Ƙofar Wambai sai na mallake shi ko da zan kwana da yunwa. Shi ya sa duk garin da Allah ya kai ni, abin da na ke fara tambaya bayan alƙibla shi ne: ina gidan kallon ku?

A watan Oktoba na 2023 wurin aiki na ya tura mu kwas na mako biyu a Tokiyo, babban birnin Japan. Mu huɗu ne. Ranar Asabar ɗin farko aka ce kowa ya huta. Abokan tafiya ta su ka ce su Akihabara za su, kasuwar kayan lantarki, domin madam-madam sun ba da sautu. Ni kuwa na ja wani matashi ɗan ƙasar da aka haɗa mu da shi ya na yi mana tafinta, na ce ya kai ni unguwar 'yan fim. Ya yi murmushi ya ce, "Silima ai ta na ko'ina, a saman manyan kantuna. Idan kuwa tushen ta ka ke nema, to sai Asakusa. Amma kada ka sa rai da yawa." Wannan magana ta ƙarshe ban riƙe ta ba. Da na riƙe, da ban sha mamakin da na sha ba.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa mu ka hau, layin da ake kira Ginza. Tun a ciki ya fara karanta mani tarihi. Ya ce wannan yanki da mu ke bi, daga Ueno zuwa Asakusa, shi ne layin ƙarƙashin ƙasa na farko a duk nahiyar Asiya, an buɗe shi a 1927. Ka ga ke nan lokacin da mahukunta su ka tashi haƙa rami su sa jirgi, wurin da jama'a su ka fi tururuwa su ka nufa, kuma a wancan zamani babu inda ya kai Asakusa cika. Nan ne dandalin birnin. Mai neman dariya, mai neman waƙa, mai neman majigi, ɗan ƙauyen da ya shigo gari karon farko, kowa nan ya ke dosa.

Mu na fitowa daga rami sai ga mu a gaban wata jar ƙofa mai suna Kaminarimon, ma'ana Ƙofar Aradu. Mai karatu, in ka taɓa ganin hoton Tokiyo a kalanda ko a fim, da wuya ba ka ga wannan ƙofa ba. A tsakiyar ta an rataye wata ƙatuwar fitila ta takarda, ja jawur, tsawon ta ya kusa mita 4, nauyin ta kimanin kilo 700. Tsohuwar ƙofar ta ƙone tun 1865, aka zauna shekara 95 babu ita, sai a 1960 Matsushita Konosuke, attajirin da ya kafa kamfanin da mu ka sani da Panasonic, ya ba da kuɗi aka sake gina ta. Na leƙa gindin fitilar na ga farantin da aka rubuta sunan kamfanin. Na yi dariya ni kaɗai, domin bidiyon da na fara saye a rayuwa ta, wanda ya cinye mani kaset ba adadi, na wannan gida ne.

Daga ƙofar sai ka faɗa wani layin 'yan tireda da ake kira Nakamise. Tsawon sa bai wuce mita 250 ba, shagunan kusan 90, amma sai da mu ka yi rabin awa kafin mu kai ƙarshe saboda cinkoso. Kantin Kwari ana gobe Sallah, sai dai babu mai ture ka, babu mai ja maka riga. Ana sayar da mafitai, da 'yan tsana, da takubban wasa, da wata gurasar shinkafa mai ƙaras-ƙaras da ake gasawa a gaban ka. Na sayi wani ɗan kek mai suna ningyoyaki, wanda ake cusa wa jan wake mai zaƙi a ciki. Wake da sukari! Da farko baki na ya ƙi, a na uku sai ga shi ina neman ƙari. Amma ɗan'uwa Musulmi, ka kula: ka riƙa tambaya kafin ka kai loma, domin naman alade da giyar girki su na shiga abincin su da yawa, har inda ba ka zata ba. Akwai gidajen abinci na halal a unguwar, su na liƙa shaida a ƙofa.

Ƙarshen layin shi ne Sensoji, wurin bautar mabiya addinin Buddha, wanda ya fi kowanne tsufa a Tokiyo. A labarin su, wasu masunta biyu, wa da ƙane, su ne su ka tsamo wani ɗan gunki a kogin Sumida a shekarar 628, aka gina wurin domin sa. Ni dai na tsaya daga gefe a matsayi na na baƙo mai kallon gini, na ga mutane su na fifita hayaƙin turare zuwa jikin su, na ce lallai duniya da faɗi ta ke. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne da tafinta ya ce wannan gini da na ke gani kamar ya shekara dubu, a 1958 aka gama shi. Na asalin ya ƙone ƙurmus a daren 10 ga Maris, 1945, lokacin da jiragen Amurka su ka yi wa gabashin Tokiyo ruwan wuta, mutum kimanin dubu ɗari su ka hallaka a dare ɗaya. Mutanen unguwa su ka tashi daga toka su ka mayar da abin su yadda ya ke.

Na ce masa, "To malam, mun ga na ibada. Ina na nishaɗin?" Ya ce mu bi ta yamma. Ba mu yi tafiyar minti biyar ba sai na ji ihun yara a sama. Ashe mun iso Hanayashiki, gidan wasan da ya fi kowanne daɗewa a Japan. An buɗe shi a 1853 a matsayin lambun furanni, daga baya ya zama wurin shillo da lilo. Ɗan ƙaramin wuri ne a matse tsakanin gidaje. A ciki akwai wani ɗan jirgin wasa mai hawa da gangara da ke aiki tun 1953, gudun sa duka-duka kilomita 42 a awa ɗaya. Na ce haba, ɗan acaɓa ma ya fi wannan wuta, bari in hau. Jama'a, gani ya kori ji! Ba gudun ne abin tsoro ba, ƙarar ƙarafan ce, da yadda ya ke bi ta jikin gine-gine kamar zai shiga da kai ɗakin wani. Na sauko ina salati, hula a hannu, wata yarinya 'yar shekara bakwai da ta zauna a baya na ta na ta ƙyalƙyala mani dariya.

Daga nan ne mu ka shiga inda na zo domin sa. Sunan wurin Rokku, ma'ana Shiyya ta Shida. A 1884 hukuma ta yanka filin da ke kewaye da Sensoji shiyya-shiyya, aka tattara masu wasanni da 'yan dabo da masu nuna abin al'ajabi aka zuba su a ta shida. Cikin su akwai wani gida da ke nuna wa mutane abubuwan mamaki na lantarki, ana ce masa Denkikan, wato Gidan Lantarki. A watan Oktoba na 1903 aka mayar da shi gidan nuna fim zalla, kullum ta Allah. Shi ne gidan silima na dindindin na farko a ƙasar Japan. Don ka gane nisan abin, Rex, wadda ita ce ta farko a Kano, sai a 1937 aka buɗe ta. Daga Denkikan sai gidajen kallo su ka yi ta tsirowa hagu da dama, har titin ya zama ba ka ganin sama saboda tutocin talla. A ƙarshen titin kuma akwai wata hasumiya mai hawa 12 da aka gina a 1890, wadda girgizar ƙasar 1 ga Satumba, 1923 ta karya.

Duk wannan ina jin sa ina waige-waige, ina neman fosta, ina neman tagar yankan tikiti. Titin ya na nan, mai faɗi, tsaf-tsaf. Ga wani katafaren kantin kayan arha, ga otal-otal, ga gidajen cin abinci, ga wani gini inda dattawa su ka yi cirko-cirko da jarida a hannu su na cacar sukuwar dawaki. Na ce, "Ina silimun?" Ya ce, "Ai na gaya maka kada ka sa rai." Denkikan ta rufe tun 1976. Sauran su ka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har a watan Oktoba na 2012 aka kulle 'yan ƙalilan da su ka rage. Unguwar da ta haifi silima a Japan, ranar da na taka ta, ko allon kallo ɗaya ban samu ba. Wallahi sai na ji kamar na yi doguwar tafiya gaida tsohon aboki, na tarar an share makoki.

Mu ka sami wani benci mu ka zauna. Kusa da mu akwai wani dattijo da sanda, ya kai tamanin. Tafinta ya gaishe shi ya ce ga baƙo daga Afrika ya zo neman Denkikan. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ɗaga sanda ya nuna wani dogon bene na zamani. Ya ce a nan ta ke. Ya ce ya na yaro, ranar Lahadi in ka shigo titin nan ba kai ke tafiya ba, jama'a ke tafiya da kai. Na ce a tambayar mani Baba me ya kashe wurin. Bai yi dogon bayani ba. Ya zana akwati a iska da hannuwan sa biyu, ya yi kamar ya na murɗa maɓalli. Talbijin ke nan. Ban buƙaci fassara ba.

Alƙaluma ma sun gaskata shi. A 1958 an yanki tikitin silima sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari a Japan, a 1960 kuma gidajen silima sun kai 7,457. Sai akwatin talbijin ya shiga gidaje, musamman da bikin auren yarima mai jiran gado a 1959 da wasannin Olamfik na Tokiyo a 1964, waɗanda kowa ya so ya gani daga ɗakin sa. Kafin 1970 ta ƙare masu zuwa silima ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na da ba. Ƙari a kan haka, samari da 'yan mata su ka juya wa Asakusa baya, su ka koma sababbin unguwannin yamma irin su Shinjuku da Shibuya. Ba gwamnati ce ta rufe Rokku ba, ba kuma gobara ba. Girgizar ƙasa ta rushe ta, ta tashi. Yaƙi ya ƙone ta, ta tashi. Ranar da 'yan kallo su ka daina zuwa ne ta kwanta.

A kan bencin nan ne na ji labarin da ya fi burge ni a duk tafiyar. Ka san finafinan farko ba su da magana, hoto ne kawai ke motsi. To a Japan sai aka sami wasu mutane da ake kira benshi. Benshi ya na tsayawa a gefen allo, ya yi muryar jarumi, ya yi ta jaruma, ya yi ta mugu, ya bayyana abin da ke faruwa, ya sa barkwancin sa, in fim ɗin na Amurka ne ya juya shi zuwa harshen gida. Har ta kai mutane ba don fim su ke zuwa ba, don benshi su ke zuwa, ana rubuta sunan sa a fosta da manyan baƙaƙe. Na buga cinya na ce, "Kai! Ai mu na da su!" Na ba shi labarin masu fassarar finafinan Indiya da Hausa, irin su Algaita, yadda mutum ɗaya zai riƙe fim na awa uku da bakin sa, yara su haddace maganganun sa su na yi a lungu. Kafin su ma, wa ya manta da gwanin da ke zama a tsakiyar benci a silima ya na gaya wa na kusa da shi abin da Amita ya ce wa Daramendara, alhali shi ma ko kalma goma ta Indiyanci bai sani ba?

Da fim mai magana ya kankama daga 1931, sana'ar benshi ta fara mutuwa. Cikin waɗanda abin ya ci har da wani saurayi mai suna Heigo, wanda ya mutu a 1933 ya na ɗan shekara 27. Shi ne ya riƙa jan ƙanen sa zuwa kallo tun ya na yaro. Wannan ƙane shi ne Akira Kurosawa, daraktan da ya yi "Seven Samurai" a 1954, labarin ƙauyawan da su ka ɗauko mayaƙa haya don su kare su daga 'yan fashi. In labarin ya yi maka kama da wani abu, ba ka yi kuskure ba. Amurkawa sun juya shi zuwa fim ɗin kaboyi a 1960, kuma jijiyar sa ta na cikin "Sholay" na 1975, wanda mu ka kalla har kaset ya tsinke. Ashe tun ina yaro a Fagge ina cin tuwon da aka ɗora tukunyar sa a ƙasar nan, ban sani ba. Har gobe kuma akwai 'yan tsirarun benshi da ke riƙe da sana'ar, irin su Sawato Midori, ana gayyatar su bukukuwan fim a ƙasashe.

Na zaci kallo ya ƙare, sai tafinta ya ce in taso, akwai abin da bai mutu ba. Ya kai ni gaban wani gida mai jajayen fitilu da tutoci masu launi, Asakusa Engei Hall, inda ake wasan barkwanci kullum tun 1964. Mu ka yanki tikiti mu ka shiga. Abin da ake yi sunan sa rakugo. Mutum ɗaya ne tak, ya durƙusa a kan matashi, ba shi da komai sai mafici da ɗan hankici. In ya juya kai dama shi ne miji, in ya juya hagu ya zama matar. Can sai ya naɗe maficin ya mayar da shi tsinken cin taliya, ya na zuƙa ya na hura zafi, har na ji yawu na ya tsinke. Ko kalma ɗaya ban fahimta ba, amma sau uku ina tsintar kai na ina dariya tare da tsofaffin da ke gefe na. Marigayi Rabilu Musa Ibro ne ya faɗo mani a rai. Shi ma in ya kalli kyamara ya karkace baki, Bayarabe da Inyamuri dariya su ke yi.

A saman wannan gini akwai wani zauren, Toyokan. A da sunan sa Furansu-za, gidan rawa ne na manya wanda ake sako 'yan barkwanci a tsakanin wasa. A farkon shekarun 1970 wani yaro da ya watsar da jami'a ya sami aikin tsaron na'urar hawa bene a wurin, ya na kai 'yan kallo sama ya na sauko da su, har babban ɗan wasan gidan, Fukami Senzaburo, ya karɓe shi almajiri. Wannan yaro shi ne Takeshi Kitano, wanda fim ɗin sa "Hana-bi" ya ci kyautar Zakin Zinare a bikin finafinai na birnin Benis a 1997. A 2021 Netflix ta fitar da fim a kan wannan zama nasa, "Asakusa Kid". A gidan nan kuma Atsumi Kiyoshi ya goge, mutumin da ya fito a matsayin Tora-san a finafinai 48 daga 1969 zuwa 1995. 'Yan'uwa na masu ɗaukar jakar darakta a lokeshin ana aiken ku sayen ruwa, ku ji da kyau.

Mu na fitowa ya nuna mani turakun fitilun wani titi da ke kusa. Kowane turke an maƙala masa hoto da sunan wani ɗan wasa da unguwar ta raina. Guda ɗaya babu hoto, an rubuta cewa an kama wurin. Mutanen unguwa su na cewa na Kitano ne, ana jiran sa. A gaban zauren taro na Asakusa kuma, tun 1979 ake karɓar shaidar tafin hannun fitattun 'yan wasa da mawaƙa ana dasawa a ƙasa tare da sa hannun su, yanzu sun kai ɗaruruwa. Na ga wata tsohuwa ta sunkuya ta ɗora hannun ta a kan na wani, ta daɗe ba ta ɗaga ba. A nan na gane cewa silimun sun tafi, amma ba a bar su sun tafi da komai ba. An riƙe sunaye, an riƙe wurare, yaro zai iya tambaya a nuna masa.

To a nan ne ciki na ya ɗuri ruwa, domin na tuna abin da na baro a gida. Ina da kwali uku na kaset ɗin finafinan Hausa, tarin shekara goma sha. Da za mu tashi daga gidan haya a 2016, uwargida ta ce ba za ta kai kyankyasai sabon gida ba, ga shi ko bidiyon kallon su babu. Na ga gaskiyar ta, na kira 'yan jari-bola na ba su kwali biyu, ko kuɗin kirki ban karɓa ba. Na ukun na kai shi ɗakin ajiya a gidan mu na gado. Ana saura kwana uku in taso, ƙane na ya ce za a gyara ɗakin a sa amarya, me za a yi da tarkacen nan nawa? Ina cikin haɗa jaka na ce masa, "Ku zubar kawai." Ni da baki na. Ni da na ke zaune a Tokiyo ina jin haushin wasu sun bar silimar su ta mutu.

Mu ka yi sauri zuwa wani ɗan masallaci da ke arewa da unguwar, na rama sallolin da ke kai na, sannan na fito na kira gida. Ƙarfe bakwai na dare a can, sha ɗaya na safe a Kano. Na ce, "Kwalin nan fa, kun zubar?" Ya ce, "Yaya, lafiya? Ai kai ka ce a zubar. Jiya mu ka fito da shi tsakar gida, yara ma sun ɗebi wasu su na wasa da zaren." Na ce don girman Allah ya ajiye abin da ya ke yi ya je ya tattara, har na hannun yaran. Ya ce, "Yaya, daga Japan ka kira ni a kan kaset?" Na ce daga Japan na kira ka a kan kaset. Ya yi dariya har da tari, amma ya je.

Da na dawo na zauna na ƙirga. Guda 43 su ka tsira, da 'yan fostoci da tsofaffin mujallu da ke ƙasan kwalin. Wasu funfuna ta ci su, ba za su ƙara magana ba. Na sami wani mai gyara a Sabon Gari da har yanzu ke da bidiyo mai aiki, mu na juye masu rai zuwa kwamfuta a hankali, biyu ko uku a wata. Ranar da na kunna wa 'ya ta "Sangaya" ta zauna ta kalla har ƙarshe, hoton na rawa, sauti na shaƙewa, ta juyo ta ce, "Baba, ashe da ma haka aka iya waƙa?" Na rasa amsar da zan ba ta, domin tunani na ya tafi ga kwali biyun da na bayar.

Su ma Japanawa ba su tsira daga wannan asara ba. Mafi yawan finafinan su na zamanin benshi sun ɓace, wasu a girgizar ƙasa, wasu a yaƙi, wasu kuwa sakaci ne kawai, don a lokacin babu wanda ya ɗauka abin ajiyewa ne. Da su ka farga sai su ka kafa gidan adana finafinai na ƙasa, ya na unguwar Kyobashi, a kan layin jirgin da ya kai ni Asakusa. Mu fa? Palace ta zama asibiti, wasu silimun sun zama shaguna, yaro zai wuce ta gaban su bai san an taɓa dariya da kuka a ciki ba. "Turmin Danya" da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, wanda daga shi ake fara ƙirgen wannan industiri, mutum nawa ne cikin masu karanta wannan shafi su ka taɓa ganin sa? Balaraba Muhammad ta rasu a 2003, Ahmad S. Nuhu a 2007, Ibro a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Allah ya jiƙan su. Ina ɗakin da ɗalibi zai je ya ce a ba shi aikin su daga farko har ƙarshe?

Ba cewa na yi a kafa wa kowa gunki ba, wannan ba tarbiyyar mu ba ce. Allo ɗaya a jikin bango mai cewa a nan silima kaza ta ke daga shekara kaza zuwa kaza, bai saɓa wa komai ba. Ɗaki ɗaya mai sanyi da kanta da rajista bai fi ƙarfin furodusoshin mu da 'yan kasuwa ba. Kafin su motsa kuwa, ni da kai mu na da namu aikin. In akwai kwalin kaset ko faifan CD a ƙarƙashin gadon Hajiya, ko tsohuwar fosta a bayan ƙofa, kada ka yi irin wautar da na yi. Karkaɗe ƙurar, ka raba shi da danshi, ka rubuta sunan fim da shekarar sa. In ka ga gemun ɗan'uwan ka ya kama da wuta, ka san sauran.

Wanda kuma Allah ya nufa da zuwa Tokiyo, ya ware wa Asakusa yini guda. Ka je da sassafe kafin cinkoso, ka hau hawa na takwas na ofishin baƙi da ke kallon Kaminarimon, kyauta ne, za ka ga unguwar duka a tafin hannun ka. Ka sa takalmi mai daɗin tafiya. In ka gaji akwai samari masu jan keke da ƙafa, su na zagayawa da mutum su na ba shi tarihi, sai dai kuɗin su da ɗan zafi. Da daddare ka gangara bakin kogin Sumida ka kalli hasumiyar Skytree, mai tsawon mita 634, wadda aka buɗe a 2012, shekarar da silimun Rokku na ƙarshe su ka rufe. Babban aikin ta kuwa shi ne watsa shirye-shiryen talbijin. A can na tsaya a daren nan bayan na gama waya, ina kallon fitilun ta a cikin ruwa, ina addu'ar Allah ya sa yaran gidan mu ba su kai ga kaset ɗin "Wasila" ba.

Sun kai. Allah ya sa mu dace.